Kafin a raba goro, a gama maganar karatun

Wasiƙar wannan mako daga Yamai ta zo. Na taƙaita ta, na cire duk abin da zai sa a gane mai ita:

"Tanti, ina gaisuwa. Ni ƴar Tawa ce, zaune a Yamai, shekaruna 28. Na gama masta a kimiyyar siyasa, kuma memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, a kan matan da suka yi konseye, wato zaɓaɓɓun ƴan majalisa, a kominonin Adar na rubuta shi. Yanzu ina aikin sakatariya a wani buro. Wani malamina ya yarda ya riƙe ni in yi tez, wato binciken dokta, har da yiwuwar in riƙa zuwa Dakar wata uku a shekara idan burs, wato tallafin karatu, ta fito. An kawo lefena, an sa rana hutun Disamba. Ranar 13 ga Mayu aka gayyace ni wata muhawara, mai gabatarwa ya ce 'ga wata matashiyar feminis', wani ya ɗauki bidiyo, ya zagaya WhatsApp har ya kai ga uwar wanda zan aura da ƙannensa. Tun ranar ya canza mini. Ya ce in ajiye maganar tez, in an yi aure ma gani. Innata kuma daga Tawa cewa take, 'Wanga karatu naki ba shi ƙarewa? Ƙannenki duk sun yi ɗaki.' Tanti, ina sallata, ina sa hijabina, ban taɓa zagin aure ba, kuma ina son shi. Amma in na bar aikin nan ji nake kamar na binne abu da ransa. Akwai ma rayuwa a wannan hanya? Matan da suka bi ta, ina suka ƙare?"

Ɗiyata,

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Kalmar feminis da ta hana ki barci ba ta dame ni sosai ba, za mu zo kanta. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne "in an yi aure ma gani", don na san maganar nan, na san har irin muryar da ake faɗinta da ita, mai taushi, ba faɗa ba tsawa.

A ƙasan akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan da na daina ɗaurawa, akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, gara ta ci kusurwarta ɗaya. Takardar ba ni gurbin ƙaro karatu ce a waje, tun ina sabuwar malamar koleji. Ta iso saura wata biyu bikina. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, bai ce kar in tafi ba. Cewa ya yi, "Bari a yi biki hankali ya kwanta, baɗi sai ki tafi." Kuma har ga Allah da gaske yake. Baɗi ta zo ina da ciki wata bakwai. Wadda ta biyo aka yi masa canjin wurin aiki zuwa cikin ƙasa, na bi shi. Ta bayanta uwarsa ta kwanta ciwo a ɗakina, shekara biyu ina juya ta. Babu ranar da wani ya buɗe baki ya hana ni tafiya. Ranar tafiyar ce dai ba a taɓa sawa ba, kuma ba wanda ya ji lokacin da aka yi alkawarin sai ni da shi, balle wani ya tuna masa. Ba na kuka da ƴaƴana, ba na kuka da shi. Takardar ce kawai na kasa yarwa.

Kin tambayi inda matan da suka bi hanyar nan suka ƙare. Bari in ba ki labarin guda, don farkonta ya yi kama da inda kike zaune yanzu. Sunanta Carole Pateman, Baturiyar Ingila, an haife ta a 1940, ba gidan masu hali ba. Tana shekara 16 ta bar makaranta ta shiga ƙananan ayyukan buro, irin na jera takardu da buga wasiƙun wasu. Sai a 1963 ta samu shiga Ruskin, wata kwaleji a garin Oxford da aka kafa domin ma'aikata manya waɗanda karatu ya kuɓuce wa tun suna yara. Daga nan ta haye jami'ar Oxford ɗin kanta har ta yi dokta. Littafinta na farko ya fito a 1970, kuma ba maganar mata ya yi ba: cewa ta yi dimokuraɗiyya ba ta tsayawa a jefa ƙuri'a, mutum yana koyon sa baki a mulki ne tun daga wurin aikinsa da inda yake rayuwa. A 1972 ta koma koyarwa a Sidni ta Ostareliya, a 1990 ta koma Los Angeles a Amurka. A 1991 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta duniya, mace ta farko da ta hau kujerar, a 2012 kuma aka ba ta kyautar Skytte a Suwidin, wadda a fanninku babu ta biyunta. Ki lura da abu guda a jerin nan: ƙasa uku, nahiya uku. Hanyar tana ɗaukar mutum ta kai shi nesa da gida, kuma mijin da za ki aura yana da haƙƙin ya san haka tun yanzu.

Amma abin da ya sa na kawo ta shi ne littafinta na 1988. Kin sha su Hobbes da Locke da Rousseau tun a lisans, masu cewa hukuma ta ginu ne a kan yarjejeniya tsakanin mutane ƴantattu, daidai wa daida. Ita sai ta ce, to su wa suka zauna aka yi yarjejeniyar? Maza. Mata ta wata ƙofa aka shigo da su, ƙofar yarjejeniyar aure, wadda an riga an rubuta sharuɗɗanta tun kafin amarya ta iso, ba a karanta mata, ba ta da ikon sauya ko wasali. Tana magana ne da tarihin ƙasarta a gabanta, inda har zuwa dokokin 1870 da 1882 abin da matar aure ta mallaka ko ta samu da guminta yakan koma hannun miji.

Wannan ciwon nasu ne. Mu a shari'armu sadaki na mace ne, dukiyarta tata ce, sunan ubanta ba ya sauka daga kanta don ta yi aure. Saboda haka littafin nan ba a ɗaukarsa ɗungurungum a aza wa Adar, sai an sa rariya an tankaɗe, kuma aikin mai ilimi ke nan. Abin da ya rage a rariyar bayan tankaɗe shi ne ɗabi'ar karanta yarjejeniya kafin a shige ta. Ke da kika kwashe shekara biyar kina feɗe tsarin mulki da dokar zaɓe aya-aya, yanzu za ki shiga yarjejeniyar da ta fi kowace girma a rayuwarki da "ma gani"? In ɗan takara ya ba matan Illela irin wannan amsa, me za ki rubuta a kansa?

Kuma ba sai kin je Oxford neman hujja ba. Hadisi ne a Buhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su, su ne waɗanda aka halatta aure a kansu. Malamai sun yi saɓani kan yadda sharaɗi irin na karatu ko tafiya yake ɗaure miji, Malikiyyar da muke bi ta fi Hambaliyya taka-tsantsan a wannan babi, don haka ki samu malamin da ya san fiƙihu da gaske ki tambaye shi yadda ake tsara maganar. Amma ko alƙali ba zai tilasta ba, maganar da namiji ya faɗa gaban waliyyinki da nasa waliyyin tana da nauyin da wadda ya faɗa miki a mota, kuna shan iska bakin Gadar Kennedy, ba ta da shi. Tun ran gini ran zane.

Kada ki je da "ina son ka bar ni in ci gaba da karatu". Kowane saurayi zai ce to. Ki je da lissafi. Shekara nawa tez ɗin zai ci, wata nawa za ki yi ba ki gida a kowace shekara, wa zai biya kuɗin rajista da na mota, albashinki na buro ina zai tafi, in ciki ya zo a shekara ta biyu me za a yi, wa zai riƙe jariri in kina Dakar ko kuwa da shi za ki. Ke ma ki shirya abin da za ki bayar, don ciniki ba ya faɗawa da hannu ɗaya. Wata uku amarya ba ta ɗaki abu ne mai nauyi, kar ki raina shi. Kina iya cewa shekarar farko babu Dakar, aikin fili za ki yi a Tawa inda kwana ɗaya a mota ya kai ki, ya kuma dawo da ke. Kina iya yi masa alkawarin cewa maganar gidansa da ta danginsa ba za ta taɓa hawa Facebook ba, ko da habaici. Waɗannan ba faɗuwa ba ne.

Kafin ku kai ga waliyyai, ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi abin da yake tsoro, sannan ki yi shiru. Shirun shi ne mai wuya, ku ƴan kimiyyar siyasa kun saba da mayar da martani tun mutum bai kai aya ba. Ruwa ba ya tsami banza: mutumin da ya san kina masta shekara da shekaru bai ce komai ba, bidiyon minti biyu ya birkita shi, akwai abin da ya ji a gida. Idan kunya ce, uwarsa ta kira shi ta ce "wannan za ka kawo mana?", ƙannensa suna tura masa bidiyon da alamar dariya, to wannan mai magani ne. A nemi gwaggonsa ko wata dattijuwa da uwar ke jin maganarta, ki je ki gaishe ta, ki durƙusa yadda aka koya miki a Tawa, ta ga ƴar mutunci da idonta. Gani ya kori ji. Idan tafiyar ce ke damunsa, ga lissafin nan na sama. Ki kuma miƙa masa shafi goma na memuwar ɗinki ki ce ya karanta. Ba jarrabawa ba ce, amma yadda zai riƙe takardun zai gaya miki abu mai yawa: akwai mai karantawa ya ce "ashe haka matan nan suka sha", akwai mai ajiyewa a kan kujerar baya har rana ta ƙona su.

Idan kuwa bayan duk wannan abin da ya fito daga bakinsa shi ne matarsa ba za ta tsaya gaban jama'a ta yi magana ba, ko da hijabi, ko da ilimi, ko a kan me, to ki yarda da shi. Kada ki ce zai canza. Ra'ayinsa ne, akwai matan da za su zauna da shi a haka cikin jin daɗi, kuma ba mugu ba ne don ya faɗi gaskiyarsa. Ke ce za ki auna ko kina cikinsu. Ba zan ce ki rabu da shi ba, ban san shi ba, ke kika san abin da kika gani a wurinsa. Abin da na sani shi ne mayar da lefe, duk da surutun da zai jawo daga Bukoki har Tawa, ya fi sauƙi a kan fitowa da goyo.

Yanzu sunan. Ranar da aka kira ki da shi, 13 ga Mayu, ina cikin waɗanda suka sa ta zama rana. A 1991 aka kafa kwamitin da zai shirya Babban Taron Ƙasa, mutum 68, mace ɗaya tak. Muka fito. Zafin Mayu na Yamai kin san shi, kwalta har laushi take yi. Malaman makaranta, ungozomai, sakatarori, ƴan kasuwa, ɗalibai, muka nufi ofishin Firayim Minista. Igiyar takalmina ta tsinke a hanya, wata mata da ban taɓa gani ba, mai jin Zabarmanci kaɗai, ta ciro fil daga ɗankwalinta ta maƙale mini ita, muka ci gaba ba mu ko tambayi sunan juna ba. Aka ƙara mata biyar a kwamitin. Biyar kacal, amma daga wannan tattaki ne ranar ta zama ranar matan Nijar. Abin da nake son ki ji shi ne, a duk layin da nake ciki ban ji wadda ta kira kanta feminis ba. Cewa muke ba za a yanke makomar ƙasa ba mu a ɗakin ba. Waɗanda ba su so fitowarmu ba su suka raɗa mana sunaye, kuma wasu sunayen ba za su rubutu a nan ba.

A kunnen surukarki kalmar nan na nufin mai ƙin aure, mai ja da rabon gado, ƴar aiken Turawa. A littattafanku tana nufin mai nazarin yadda aka raba iko tsakanin maza da mata da niyyar a gyara inda aka yi zalunci. Ba za ki iya daidaita ma'anonin nan biyu a zaure ɗaya da yamma ɗaya ba, kar ma ki gwada. Shawarata, kada ki fito ki yi ta rantse-rantsen ke ba ita ba ce, don gobe za a ga rubutunki a ce kin yi ƙarya. Kada kuma ki ɗaura ta a goshi don ki ba wani haushi. Duk wanda ya tambaye ki, ki faɗa masa aikin: ina rubuta tarihin matan da aka zaɓa a kominonin Adar, yadda suka shiga, abin da suka yi, abin da ya hana su. Ban taɓa ganin dattijon da ya ji wannan ya tsine ba. In wata rana kin ga sunan ya dace da ke, kin san kuɗinsa, ki ɗauka da saninki, ba don wani mai riƙe da makirfo ya liƙa miki ba.

Na san za a ce ki kafa hujja da Nana Asma'u, kuma gaskiya ne mahaifinta Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi, cikin jihar Tawa ta yau, ya kuma yi rubutu mai zafi a kan malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ita kuma ta tsara ƙungiyar mata masu koyarwa, jajis da ƴan taru, suna kai karatu ƙauye-ƙauye har ta rasu a 1864. Ki ambace ta don gadonki ce. Amma kar ki sa mata rigar da ba ta ɗinka ba, malamai za su kama ki, kuma da gaskiyarsu.

Ga abin da ya sa nake ganin aikin naki ya cancanci wahalar. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisar dokoki cikin kujeru 83. A watan Yunin 2000 aka yi dokar kaso, wadda ko kalmar "mata kaɗai" babu a cikinta: cewa ta yi kowane jinsi kada ya gaza kashi 10 cikin ɗari a kujerun zaɓe, kashi 25 a muƙaman naɗi. Zaɓen 2004 ya kawo mata 14 cikin 113. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a 2019 zuwa 25, na naɗi kuma zuwa 30. To amma ƙasar nan da ta amince da wannan, ita ce ta kasa fitar da dokar iyali a 1994, ita ce majalisarta ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka a 2006. Jama'a ɗaya, addini ɗaya, me ya sa wannan ta wuce waccan ta maƙale? Wata Ba'amurkiya masaniyar siyasa, Alice Kang, ta zo ta zauna ta yi tambayoyi, ta fitar da littafi a 2015, inda ta nuna cewa "ai ƙasar Musulmi ce" ba ta isa amsa ba, sai an duba wa ya tashi ya yi gangami, wa ya tashi ya tare, da yanayin siyasar lokacin. Aiki ne mai kyau. Amma ina faɗa miki, da na ji labarinsa sai da wani abu ya soke ni, don da Turancin Ingilishi aka rubuta shi, matan da suka yi tattakin yawancinsu ba za su iya karanta labarin kansu ba. Muna da namu, irin su Farfesa Ousseina Alidou da ta rubuta a kan matan Musulmin Nijar tun 2005, sai dai ba su da yawa, kuma da dama a waje suke koyarwa.

Akwai wata kuma, Cynthia Enloe, ita ma Ba'amurkiya, da ta yi dokta a 1967 a kan siyasar ƙabilu a Malesiya, ta rubuta littattafanta na farko ba ta ko lura babu mata a cikinsu ba, ita da kanta take faɗa. Daga baya tambaya ɗaya ta riƙe har tsufa: ina matan suke? Ki kai tambayar nan Adar, inda maza ke tafiya bida Abijan da Libiya su bar gari wata tara, ki ga wa ke biyan haraji, wa ke zuwa taron rijiya, wa ke tsayawa layin ƙuri'a. Baƙuwa sai ta nemi tafinta. Ke kuwa da "wanga" da "mi" kika tashi, kin san wace tsohuwa ake fara gaisarwa kafin a shiga gida.

Kada in yi miki zaƙin baki. Tez a takarda shekara uku ne, a zahiri mai aiki da aure takan kai biyar. Ba albashi a cikinsa. Kujerun koyarwa a jami'o'inmu kaɗan ne, masu jira da yawa, kuma da dama daga masu dokta a fanninku sun ƙare suna rubuta wa proje-proje rahoto a kan tambayoyin da wasu suka tsara daga nesa, ga shi tun 2023 wannan kasuwar ma ta ja baya. Don haka kar ki saki aikin buro sai kin ga takardar burs da hatimi a hannunki, ba a waya ba. Ki riƙa leƙa LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke nan Yamai, sun daɗe suna bincike a kan mulkin ƙananan hukumomi kuma rahotanninsu na intanet kyauta ne. Ki sa ido kan CODESRIA ta Dakar, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka, suna da horo na musamman a kan nazarin jinsi. Ki nemi wata mace da ta riga ki gamawa, ko a wane fanni, don akwai tambayoyin da ba za ki iya yi wa malaminki namiji ba, kamar yadda ake rubuta babi da jariri a cinya.

Wani zai ce miki, wace siyasa kuma za ki nazarta yanzu? Tun Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, a Afrilun 2024 aka rusa majalisun kominoni, a Maris 2025 aka rusa jam'iyyu. Ni a ganina wannan ne ma ya sa aikin ba ya jira. Matan nan da suka yi konseye tun zaɓen kominoni na 2004 yanzu suna gida, ba taro, ba jam'iyyar da za ta ce kar su faɗi kaza. Suna da lokacin zama da ke a tabarma, kuma bakinsu ya fi sakuwa. Wasu sun tsufa. Takardun da suka ajiye a leda ƙarƙashin katifa, gara ba ta san tarihi ba, ni shaida ce. Shekara biyar nan gaba rabin abin da za su gaya miki yau ya tafi. Ki dai yi aikinki da natsuwa, ki riƙe takardar izinin bincike a jaka, ki ɓoye sunayen waɗanda suka ce a ɓoye, ki bar sharhin siyasar yau ga masu sha'awarsa.

Saura Inna. Kar ki yi wannan magana da ita a waya. Ki nemi hutun kwana huɗu, ki hau motar asuba, ki bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni ki same ta a ɗakinta. Tsoronta ba na karatu ba ne, ita ce fa ta yi ta tashinki da duhu kina tafiya lakwal. Tsoronta ranar biki ne, a zauna ana cin goro wata ta ce "ina babbar taku, har yanzu boko?" ta rasa amsa. Ki ba ta amsar da za ta riƙe: aure yana nan, rana tana nan in Allah ya so, abu ɗaya ake son a gama tsakanin manya kafin a shafa fatiha. Ki roƙe ta ita ta zaɓi wanda zai yi maganar cikin kawunnanki, don in ita ta aike shi, zai tsaya. In kuma zama da saurayin ya nuna sai an ɗaga ranar, gara ta ji daga bakinki a kan gadonta da ta ji a bakin ƙannensa.

Ki tafi da memuwar ɗin, mai bangon nan da kuka biya aka ɗaure, ki sa mata a cinya ko ba za ta karanta ba. Ki karanto mata sunayen garuruwan. Zan yi mamaki in ba ta ce ta san wata daga cikin matan ba, ko ta san uwarta, ko sun taɓa haɗuwa wurin suna. Daga nan sai ki kunna rakodar wayarki ki tambaye ta ranar da ta fara jefa ƙuri'a, wa ya raka ta, wa ya gaya mata hoton da za ta zaɓa, kuma ko shi ta zaɓa da ta shiga bayan labule. Ki cika wayar da caji tun daga Yamai, hirar tsofaffi ba ta da gajere. Ki gaishe mini da ita, kuma ki rubuto mini abin da saurayin ya ce bayan shafi goman nan.

Tantinki